Abin da Bahago Ya Rufe Cikin Aksil

Rana ta yi ja ta koma bayan katanga, inuwar tankin ruwa ta miƙe har bakin baranda, amma Bahago bai ɗaga kai ba. Makaniki ne, da hannun hagu yake riƙe sifana, abin da ya jawo masa sunan ke nan tun yana koyon aiki. Yana da wata ɗabi'a da matarsa ta gaji da yaƙi da ita: duk aikin da ya shiga ransa ba ya yarda ya yi shi a gareji inda ƙasa ke shiga ko'ina, sai ya kinkimo shi gida ya baje a teburin baranda. Ita kuwa sai ta nemi robar wankinta ta rasa, can ta tsince ta cike da man giyar mota.

"Baban yara, wannan robar ma ta tafi ke nan?"

"Aronta na yi."

"Haka ka ce da waccan. Allah ya sa wata rana kada mu wayi gari ka jiƙa mu a mai mu ma."

Abin da ke gabansa ranar aksil ɗin baya ne na wata jar motar tsere, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya yana raba musu ƙarfin inji. Na sauran motoci ba shi da wata hikima: taya ɗaya ta faɗa taɓo sai ta yi ta juyi a banza, ɗayar tana tsaye tana kallonta. Na wannan motar daban yake. A cikinsa akwai faya-fayai sirara, na ƙarfe da masu kaushi, an jera su an matse, su ne ke ɗaure tayoyin biyu da juna, ta yadda in ɗaya ta zame ƙarfin zai koma kan wadda ta tsaya da kyau. Motar ta yi shekaru a duhun wani sito kafin wani saurayi ɗan gata ya saye ta, faya-fayan duk sun cinye sun yi sulɓi, har sun bar 'yar kafa a tsakaninsu. Bahago ya buɗe aksil ɗin tun jiya da bisimillarsa, ya ware na ƙarfen da za su ƙara aiki, ya jiƙa sababbin masu kaushin suka kwana a mai. Yanzu ya jera su a faranti bi da bi yadda za su shiga, yana kallonsu da wani irin so da 'ya'yansa ma ba kullum suke samu ba.

'Ya'yan nasa biyu ne, duka mata. Babbar 'yar sakandare ce, kowa a gidan Yaya yake ce mata, har shi uban. Ƙaramar kuwa Auta. A daidai lokacin Auta ta fito a guje da matajin yayarta, Yaya ta biyo ta tana dariya, ƙugun Yaya ya daki gefen teburin. Farantin ya kife, faya-fayan suka watse suna gangarawa cikin ƙasar tsakar gida.

Bahago bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Marin ya yi ƙara har matarsa ta leƙo daga kicin, yatsunsa suka bar baƙin mai a kuncin yarinyar. Bai taɓa dukanta ba tunda aka haife ta. Yaya ba ta yi kuka ba, ta dube shi kawai, sannan ta durƙusa za ta tsince.

"Bar su! Tashi ki ba ni wuri!"

Ya tsince su da kansa, ya wanke, ya sake jerawa, zuciyarsa na tafasa, rabin fushin da yarinyar, rabin da kansa. Waya ta yi ƙara, mai motar ne, yana so gobe-goben nan, kuma yana so in ya taka wuta tayoyin biyu su yi hayaƙi tare. Bahago ya ce za su yi, ya ɗauko wata washa, wato zoben ƙarfe mai kauri, ya ƙara a kan jerin don matsin ya fi na kamfani. Aka fara kiran magariba. Matarsa ta ce ya bari sai ya yi salla, ya ce 'yan notuna ne suka rage, ya kifa murfin ya shiga ɗaurewa yana tsaki, bakinsa babu komai sai baƙar magana.

Yana kan notin ƙarshe ya ji wani siririn kuka daga cikin ƙarfen, kamar na ɗan kyanwa da aka taka. Ya dakata. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta sun yi tsit, man da ke cikin roba yana rawa shi kaɗai alhali babu iska. Ya ce a ransa washar ce ke zama, ya ƙara wa sifanar ƙarfi har notin ya kai ƙarshe.

Washegari ya ɗaura aksil, mai motar ya zo ya ɗauki abarsa baki har kunne. Da yammar ranar, rana na shirin faɗuwa, wani abu ya daki rufin kwano, ƙwal, ya gangaro ya faɗo tsakar gida. Auta ta ruga ta ɗauka, ta yar da ihu tana yarfe hannu. Ɗan boris ne, ƙwallon ƙarfe, da zafi kamar an tsamo shi daga wuta. Wani ya biyo, wani ya biyo, har rufin ya ɗauki ƙara baki ɗaya. Bahago ya fita da gudu ya zagaya bayan katanga don ya kama 'yan iskan yaran da ke jifa, ya tarar da layin wayam. Da ya dawo wani wari ya tare shi a ƙofa, warin man giya da ya ƙone, irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Yaya tana tsakiyar tsakar gida da buta a hannu, ta tsaya cak. Ƙafarta ta hagu ta kafe a ƙasa kamar an buga mata ƙusa. Ta daman kuwa ta fara tafiya ita kaɗai, sannan ta fara gudu, tana zagaya da yarinyar a wuri ɗaya, yatsunta na tonon ƙasa, ƙugunta na ƙara. Ihun da ta yi bai yi kama da na mutum ba. Bahago ya rungume ta don ya tsayar da ita, ta yi jifa da shi, shi da ke ɗaga akwatin giyar mota shi kaɗai, bayansa ya daki tankin ruwa. Haka ta yi ta juyi har duhu ya rufe, sannan ta zube lokaci ɗaya. Da uwar ta duba cinyoyinta da safe, sai ga shatin zobe-zobe baƙi ƙirin, kamar an matse naman tsakanin ƙarafa.

Aka kai ta asibiti, aka yi hoto, likita ya ce ƙashi lafiya lau, ya rubuta maganin ciwon jiki. Abin bai san da zaman likita ba. Da safe gidan lafiya, da rana lafiya, amma da zarar inuwa ta fara tsawo sai kowa ya yi shiru, uwar ta sauke tukunya ko abinci bai nuna ba, Auta ta shige ƙarƙashin gado. Wata yammar da aka wuni ana ruwa babu abin da ya faru, har suka fara murna, washegari ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Suka ɗaure Yaya a gado, ƙafar gadon ta karye, igiyar ta yanke mata idon sawu. Wani noti ya shigo ta taga ya fasa wa uwar goshi, jini ya rufe mata ido ɗaya, a haka ta ci gaba da riƙe kan 'yarta. Kuma duk lokacin da abin ke yi, daga ƙarƙashin teburin baranda ana jin nishi, siriri, na tsohuwa, yana tashi yana sauka tare da ihun yarinyar.

Ƙafar hagun ta fara ƙanƙancewa, ta yi sanyi, Yaya ta daina taka ta ko da rana. Bahago ya daina zuwa gareji, ya rame, ya zama abin tausayi. A ransa ya gama yanke hukunci cewa marinsa ne ya buɗe wa abin ƙofa, kuma tsoron da ke cinsa guda ɗaya ne, kada yarinyar ta rasa ƙafarta saboda faya-fayan ƙarfe. In ya shiga ɗakin sai ta juya fuska bango. Shi kuma irin mutanen nan ne da za su iya kwance inji su mayar ido rufe, amma "yi haƙuri" ta fi ƙarfin bakinsu.

Matar ce ta nemo Malam. Wani ɗan ƙaramin dattijo ne mai tabarau da tari, ya shigo bayan la'asar yana dogara sanda, ya nemi kujera saboda gwiwoyinsa. Bai zo da bulala ba, bai zo da hayaƙi ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a baranda aka kwantar da Yaya, uwar ta tallafe kanta, Auta ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana leƙe. Ya yi alwala, ya zauna, ya fara karatu a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Gadon bayan Yaya ya lanƙwashe har cikinta ya tashi sama, haƙoranta na cizon juna. Malam ya ɗaga murya. Sai jikin ya saki gaba ɗaya, ta yi laƙwas, a daidai lokacin wani abu ya ɗauki Auta daga bakin ƙofa ya buga ta da bango, hannunta ya murɗe ta baya. Malam ya juya kanta da karatun. Auta ta saki, uwar da ta miƙe za ta je wurinta ta tashi sama ta faɗo kan teburin, leɓenta ya fashe. Malam ya dakatar da karatun.

Dariya ta fito daga bakin Yaya, dariyar ƙaton namiji mai kaurin murya.

"Ci gaba mana, malami. Ka matsa nan, in zame can, ƙarfin ya sauka kan wanda ke tsaye. A wurin maigidan na koya."

Bahago ya tuna aksil ɗin jar motar. Duk gidan shi kaɗai ya gane abin da aka faɗa.

Malam ya ce, "Kowa ya zauna a ƙasa." Suka zauna. Ya gyara tabaransa ya dubi yarinyar. "Bawan Allah, wane ne kai?"

"Wanda aka rushe wa ɗaki."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Uwata ma ba ta yi wa maigidan nan komai ba."

"Ina uwar taka?"

Idanun Yaya suka juya kan ubanta, jajawur, ba ta ƙiftawa. "Tambaye shi. Shekara da shekaru muna zaune a cikin ƙarfen nan, a 'yar kafar da ke tsakanin faya-fayai, ba mu dami kowa ba. Ya zo zai buɗe, ya ambaci sunan Allah, muka fita muka ba shi wuri, don mun san haƙƙi. Uwata tsohuwa ce, ba ta gani. Da magariba ta yi ta bi ƙamshin tsohon ƙarfenta ta koma ta kwanta. Da ya ce bisimilla da zai rufe kamar yadda ya ce da zai buɗe, da ta ji ta fito. Tsaki ya yi. Ya ƙara ƙarfe a kanta, ya ɗaure. Ta yi kuka, ya ji, ya ƙara ɗaurewa."



Muryar ta ci gaba. "Tana ciki har yanzu. In motar ta miƙe hanya, da sauƙi. In ta sha kwana, faya-fayan su niƙa ta. Yaron nan mai motar kuwa kullum yamma sai ya je fili ya yi ta juyi a wuri ɗaya abokansa na tafi. Abin da take ji shi nake kawowa gidan nan, ban ƙara ba, ban rage ba."

Malam ya yi tari, ya goge baki. "Shi bai sani ba ya yi. Kai kana sane kake yi, kuma a kan wadda ka shaida ba ta da laifi. Wannan zalunci ne, kuma za a tambaye ka. Me ya hana ka fitar da uwar taka?"

"Na gwada har farcena ya ƙare. Hannun da ya ɗaure, sai shi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na yi jifa da ƙarfen sana'arsa, na kawo masa warin man, na kawo masa nishinta. Wa ya tambaye ni kafin kai?"

Sai jikin Yaya ya zabura, ƙafar dama ta fara kartar tabarma. Muryar ta karye, ta koma ta ɗa mai jin kukan uwarsa. "Ya tayar da motar. Ya tayar!"

Bahago bai tsaya neman takalmi ba. Ya ɗauki jakar kayan aiki da jak ya haye babur.

Filin yana bayan wata tsohuwar masana'anta, tun daga nesa ya hango farin hayaƙi da jar motar tana juyi a tsakiya, samari sun kewaye ta suna ihu. Aikinsa ya yi kyau, tayoyin biyu suna hayaƙi tare, kuma bai taɓa ƙin aikin hannunsa kamar wannan lokacin ba. Ya kutsa da babur cikin da'irar kai tsaye. Bayan motar ya zo ya share babur ɗin, Bahago ya yi sama ya faɗo ya gurje a kwalta, fatar kafaɗarsa ta tafi. Ya tashi, ya zura hannu ta taga ya zare makulli.

"Oga, ka haukace ne?" in ji mai motar.

"Aksil ɗin zan cire."

"A nan? Mu je gareji mana, in ma wani abu ne!"

"Tayar nan ba za ta ƙara shan kwana ko ɗaya ba."

Samarin suka yi masa ca. Wani ya naushe shi a baki, wani ya harbe shi a haƙarƙari, ya faɗi, ya rarrafa da jak ɗinsa zuwa ƙarƙashin motar suna jan ƙafafunsa. Sai wani abu ya daki gilashin wata mota ya tarwatsa shi. 'Ya'yan boris suka fara sauka daga sararin da babu ko gajimare, masu zafi, suna fasa kawuna suna huda bodi, ba ɗaya da ya taɓa Bahago. Kafin a ce me, filin ya watse, wasu ko motocinsu ba su tsaya ɗauka ba. Mai motar kaɗai ya rage, ya maƙale a jikin taya yana salati, shi da sai an yi da gaske yake tuna alƙibla.

"Haska mini," in ji Bahago.

Saurayin ya kunna fitilar waya. Salansar motar ta ƙone wa Bahago dantse har ya ji ƙaurin fatarsa, bai janye ba. Ya kwance farfela mai kawo ƙarfin inji, ya zare shaf na hagu da na dama masu zuwa tayoyi, aksil ɗin ya sauko masa a ƙirji da nauyinsa da zafinsa. Da ya kara kunne ya ji nishin a ciki, ya yi rauni ƙwarai. Saurayin ya buɗe motar wani abokinsa da ya gudu ya bari, suka ɗora aksil ɗin a ciki, ya tuƙa su gida.

Sun tarar an kunna fitilar baranda, Malam ya sauko daga kujera yana zaune a ƙasa, uwar da Auta na rakuɓe a gefe. Bahago ya dire aksil ɗin a teburi, ya zare dunƙulen faya-fayan daga cikin kaskonsa, ya ɗora sifana a kan notin farko.

"Dakata," in ji muryar. "Matsin da ka zuba a kan uwata, da duk niƙan da ta sha, yana nan a ciki. In ka kwance zai fito, kuma dole ya sauka a kan wani. Ƙafar yarinyar ta riga ta saba."

Uwar ta fashe da kuka. Malam ya buga sandarsa a ƙasa, muryarsa ta cika gidan, har ka rantse ba daga wannan ɗan ƙirjin take fitowa ba. "Ba za ka ƙara taɓa ta ba! In ka taɓa ta, kowa zai kwanta a ƙasa ka rasa inda za ka zame, in yi ta karatu a kanka har ka zama toka."

"In ƙone a cikin yarinyar, ta ƙone tare da ni. Malami, ba mugunta nake yi maka ba. Ba ni na zuba ƙarfin nan ba, ba ni da ikon zubar da shi a ƙasa."

 Ƙwari na zagaya fitila, jini na ɗiga daga gwiwar hannun Bahago a kan siminti.

"Kan wa ka ce yake sauka?" in ji Bahago.

"Kan wanda ke tsaye."

Bahago ya ture kujerar da ke bayansa da ƙafa, ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafafunsa ya kafa su sosai.

"Baban yara!"

"Kwanta, ki kwantar da Auta. Kai ma yallaɓai mai mota, kwanta."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Ni ban umarce ka da wannan ba."

"Na sani, Allah gafarta Malam. Ni na ɗaure."

Malam ya juya kan yarinyar. "To saurara, bawan Allah. Sau ɗaya zai sauka, kuma ba a kan ransa ba. Ka ɗauki uwarka ku bar gidan nan, ku bar zuriyarsa, ku bar ƙarafan mutane ku nemi kango. Ka rantse da wanda ya halicce ni ya halicce ka."

"Ransa ba nawa ba ne. Zan karkatar da shi ƙasa iya ƙarfina."

"Rantsuwa na ce."

Muryar ta yi gurnani, kan Yaya ya bugi tabarma, sannan ta rantse, kalma bayan kalma, yadda Malam ya faɗa mata.

Bahago ya ce bisimilla da ƙarfi, har maƙwabta za su iya ji. Bai kwance noti ɗaya gaba ɗaya ba, don ya san murfin zai karkace ya datse abin da ke ƙarƙashinsa. Ya sassauta wannan kaɗan, ya tsallaka na gabansa ya sassauta kaɗan, ya dawo gefe, yana zagayawa a hankali, kowane noti da bisimillarsa. Malam na karatu ƙasa-ƙasa. Duk juyin sifana sai Yaya ta ja numfashi mai tsawo, yatsun ƙafarta ta hagu da suka ƙanƙance suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa nauyi ya fara taruwa a cinyarsa, kamar ana ɗora masa buhunan siminti, gumi na zuba cikin idonsa, siminti na tsagewa a ƙarƙashin dugadugansa. Gwiwarsa ta so ta lanƙwashe, ya tuna in ya durƙusa abin zai nemi wani, ya cije ya miƙe.

Murfin ya ɗaga da wata 'yar ƙara. Wani siririn hayaƙi mai launin toka ya zare daga tsakanin faya-fayan, tare da ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. A lokacin cinyar Bahago ta karye, ƙarar ta yi kamar an taka busasshen itace. Ƙashin ya huda wando ya fito, teburin ya rabe biyu, fitilar baranda ta fashe, shi kuma ya tafi da baya ya zube cikin man giya da jininsa.

A cikin duhun muryar ta sake fitowa daga bakin Yaya, amma ta yi laushi, ba da su take magana ba. "Inna, ni ne. Riƙe wuyana. A hankali, a hankali." Can ta ce, "Malami, mun tafi." Yaya ta yi atishawa mai ƙarfi, warin ya ɗauke, aka fara jin ƙarar motoci a titi da kukan jaririn maƙwabta.

Mai motar ya haska waya, ya ga ƙafar, ya kau da kai. Malam ya warware rawaninsa ya ɗaure cinyar tamau. Uwar na kuka tana cewa a ɗauke shi, a ɗauke shi, jini zai ƙare. Saurayin ya sa hannu a hammatarsa, Bahago ya ture shi.

"Yaya," ya ce, muryarsa da ƙyar take fita. "Tashi."

Yarinyar ta dafa bango ta miƙe, tana duban ƙafarta kamar ta aro.

"Taka. Je ki wurin tanki."

Ta saki bangon. Ta taka ta dama, ta taka ta hagu, ta tafi har tankin ba ta ɗingisa ba.

"Juya ta hagu." Ta juya. "Ta dama kuma." Ta juya. "Akwai inda ke riƙewa?"

"Babu, Baba." Ta taho da gudu ta faɗi a gabansa ta kama hannunsa, kukan da ba ta yi ba duk kwanakin nan ya ɓalle mata. "Babu ko'ina, Baba, wallahi babu."

Bahago ya lumshe ido, ya saki kansa a kan siminti.

"To, ku ɗauke ni," ya ce.